Safiyon da bai taka fili ba, da wane ido ya sa hannu?

Masu turo min saƙo tun jiya cewa in sauke abin da na rubuta kan safiyon (mai awon fili) da ya sa hannu a zanen da ya yanke wa filin Gwaggo ƙafa 5 ya ƙara wa maƙwabci, ku huta. Ba zan sauke ba. Wai in rufa wa safiyon asiri saboda yana da iyali. Ita Gwaggo fa? Marayu huɗun da take riƙe da su ba iyali ba ne?

Ni na riƙe bakin tef ɗin ranar Asabar, ba labari aka ba ni ba. Takardar cinikin da marigayi ya bari ta ce ƙafa 50 da 100. Muka auna gaba, 45 ta ba mu. Muka sake har sau uku, ba ta ƙaru ba. Muka je kan bikon ɗin gabas, wato alamar iyakar fili, siminti sabo fil, ko ƙura bai gama ɗauka ba, ga ramin tsohon nan a gefe an cusa masa ɓaraguzan bulo. Gwaggo ta tsuguna ta taɓa ramin da hannunta, ta ce, "Nan Malam ya dasa shi, ina tsaye da tulu a ka." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba har muka dawo gida.

Masu cewa ƙafa 5 ce kawai, ku buga lissafi. Ƙafa 5 a tsawon ƙafa 100, murabba'in ƙafa 500 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na filin gaba ɗaya. Wurin da za a fitar da banɗaki da madafa ne aka yanke wa marayu, kuma aka yanke shi da takarda mai hatimi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar da mai hatimin ya ba mu a ofishinsa. Na ce, "Yallaɓai, kai ka je filin nan?" Ya ce yaronsa ya tura, kuma inda maƙwabcin da ya ba shi aikin ya nuna wa yaron, nan ya dasa bikon ɗin. Ya faɗe ta hankali kwance, yana ganin ya wanke kansa. Alhali a wannan jimlar ya kama kansa da kansa. In dai inda mai biyan kuɗi ya nuna da yatsa nan ne iyaka, to mene ne amfanin safiyo? Birkila ma zai iya kwaɓa siminti ya zuba a rami.

Sa hannun safiyo shaida ce. Wannan ita ce maganata, kuma ita zan yi ta maimaitawa. Alƙalin da zai yanke hukunci yawanci a kan zanen da aka miƙa masa yake dogara. Ma'aikatar ƙasa da za ta ba da takardar mallaka, zanen take dubawa. Bankin da zai karɓi fili jingina, shi ma haka. Duk sun jingina da mutum ɗaya da ya ce na auna, ga abin da na samu. Idan bai auna ba ya sa hannu, ko ya auna ya rubuta wani abu daban, sunan wannan shaidar zur, ko da na'urar miliyoyi aka yi ta. Ba a hana shi tura yaro ba, kowane mai sana'a yana da yara. Amma hannun nasa ne, hatimin nasa ne, don haka duba tsohon zane, tambayar maƙwabta da tabbatar da lambobin bikon duk suna wuyansa.

Wani ya rubuto min cewa maƙwabcin ne azzalumi, shi zan kama. Na sani, kuma shari'arsa daban. Amma kwaɗayin maƙwabci ba sabon abu ba ne, saboda shi aka ƙirƙiro sana'ar tun farko. Maƙwabci yana iya so, ba zai iya mayar da son ransa takardar hukuma ba sai ya samu mai hatimin da zai ara masa hannu. Wani kuma ya ce dillalai ne suka ɓata harkar. Dillali la'ada yake nema, bai yi rajista da kowa ba, ba wanda ya ba shi hatimi. Masu cewa kuɗin aikin ya yi kaɗan shi ya sa ake gaggawa, ba ni da lokacinku. Aikin da bai biya ka ba, ka ce ba ka yi.

Kuma kada wani ya ce min ba doka. Ƙungiyar safiyoyin Najeriya tana nan tun 1934. Hukumar SURCON, wadda ke yi musu rajista, da dokar 1989 aka kafa ta, kuma dokar ta ba ta ikon bincikar wanda aka kai ƙararsa, har ta soke sunansa daga rajista in laifin ya tabbata. Wanda ba shi da rajista ba shi da hurumin sa hannu a zanen fili. Ana kuma ajiye kwafin zanen a ofishin babban safiyon jiha domin irin wannan rana. Matsalar ita ce Gwaggo da ire-irenta ba su taɓa jin sunan SURCON ba, su kuma masu rajistar ba sa son tona wa juna asiri. Kano ta kafa KANGIS, Kaduna ta kafa KADGIS, hukumomin kula da filaye, an zuba bayanan filaye a kwamfuta, madalla. Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take haɗiyewa. In mai awo ya kawo ƙarya daga fili, ƙaryar za ta adana.

'Yan uwansu masu ƙiyasta kuɗin gidaje ma, waɗanda hukumar ESVARBON ke yi wa rajista tun 1975, su ji da kyau. Wanda aka kira rabon gado ya karya darajar gida don babban wa ya saye kason ƙannensa mata da araha, shi ma shaidar zur ɗin ya yi, da alƙalami maimakon tef.

Wallahi ba ƙin sana'ar nake ba. Na san wani dattijon safiyo, Allah ya ƙara masa lafiya, da ba ya dasa bikon sai mai unguwa da maƙwabtan kowane ɓangare suna tsaye. Na ga ranar da ya naɗe na'urarsa mai ƙafa uku ya sa a mota saboda mai filin ya ce a ɗan matsa. Ya ce masa, "Alhaji, nemi wani, ni ba zan iya ɗaukar ƙasa bakwai a wuya ba." Hadisin da ya yi nuni da shi kowa ya san shi, Bukhari da Muslim sun ruwaito: wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa ita a wuya har ƙassai bakwai. A Muslim kuma akwai la'ana a kan wanda ya sauya alamar iyakar ƙasa. Taƙi ɗaya aka ce. Mu ƙafa 5 muke magana.

Ranar Litinin in sha Allahu za mu rubuta ƙorafi, da hoton ramin da kwafin tsohuwar takarda.

Af, tun da ana maganar awo, ku je ku ga sabbin unguwannin awon igiya da ake yankawa a bayan gari. Hanyar da aka ce ƙafa 30 ce, kowa ya ciji kaɗan da dakali da shago da ramin masai, yanzu Adaidaita Sahu biyu ba sa wuce juna. Watan jiya da aka yi rasuwa a layin su Gwaggo, motar gawa a bakin titi ta tsaya, a kafaɗa aka fito da makara, ana tsallake kwata.