An ɗebi jinin shanuna, an bar ni da zullumi

Shanu uku suka yi mini ɓari cikin wata biyu, duka ciki ya haura wata shida. Ɗaya ma mabiyiya ta ƙi fita sai da aka sa hannu. Tsofaffin rugarmu da ke kusa da Garwa suka dubi kumburin gwiwar bijimina suka ce bakkale ne, cutar nan da ke sa shanu ɓari. Na ce a'a, zamani ya zo, bari a gwada jini.

Malamin dabbobi ya zo a kan babur, na biya kuɗin mai, na biya na kowace saniya. Mun wuni muna kayar da shanu yana soka allura a jijiyar wuya. Washegari ya ɗiga ruwan jinin a kan farin faranti, ya gauraya da wani ruwa mai launin hoda da suke kira Rose Bengal, ya jujjuya minti 4. Jinin shanu biyar ya yi gudaji, alamar cutar ke nan. Sai ya ce, "Alhaji, kada ka ɗaga hankalinka tukuna. Wannan tankaɗe ne kawai, yakan kama saniyar da ba ta da cutar, kuma wadda ta kamu kwanan nan tana iya tsallake shi. Sai an tabbatar ta wani gwajin jini mai suna ELISA a ɗakin gwaji."

To madalla. Ina ELISA ɗin?

Mako shida ke nan. Farko aka ce kayan gwajin sun ƙare. Da na matsa, aka ce an ɗauke wuta, firiji ya huce, jinin ya lalace, a sake ɗiba, in sake biya. Haba jama'a! Wa bai san zafin Garwa a watan Afrilu ba? Mai sayar da ruwan leda a tasha ya iya riƙe ƙanƙararsa, ku da kuka yi karatu kun kasa?

Yanzu me zan yi da biyar ɗin nan? In kai su kasuwa, na zuba wa wani bawan Allah cuta a garke. In sayar wa mahauta, wataƙila lafiyayyu ne na yi asara a banza. Na ware su, kullum ina sayen harawa da dusa. Uwargida ta rage tallan nono, wanda muke sha sai an tafasa, don cutar tana bin ɗanyen nono ta kama mutum. Ƙanina da ya ciro mabiyiyar nan da hannu ba safa yana ta zazzaɓin dare, sau biyu yana shan maganin maleriya bai sake shi ba.

Jiya na sake kira. Wayar malamin a kashe take.