Zinar John Proctor Ba Ta Cikin Tarihin Salem

Da yawa daga masu kallon wasan kwaikwayon The Crucible, wanda Arthur Miller ya fitar a 1953, sun ɗauka zinar John Proctor da Abigail Williams ta faru da gaske lokacin shari'ar maita ta garin Salem da ke Amurka a 1692. Sam. Abigail ta ainihi yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, Proctor kuwa dattijo mai kimanin 60. Miller ne ya mayar da ita 17, ya ƙirƙiro alaƙar.

Dabarar kuwa ta yi armashi. A cikin wasan, an buƙaci Proctor ya jero Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki, sai ta haramcin zina ta kuɓuce masa. Daga baya ya amsa laifinsa a kotu, ya ce matarsa Elizabeth ba ta ƙarya. Aka kira ta, ta musanta don ta rufa masa asiri, ƙaryar nan ta rusa shaidarsa.