Kwafin ko-ta-kwana da ya dawo cikin daƙiƙa huɗu

Ofishinmu yana da sabobi biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe fayilolinmu, masu rumbun ajiya ɗaya, waɗanda wata manhaja mai suna Pacemaker ke kula da su, ta yadda idan ɗaya ta faɗi sai ɗayar ta karɓi faifan ta ci gaba da aiki. Ni ne na rubuta umarnin rsync, manhajar kwafe fayiloli, da ke yi wa fayilolinmu kwafin ko-ta-kwana da ƙarfe 2 na dare, na sa shi a cron, wato jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu, na sabar farko kaɗai, kuma kowace safiya saƙo yana zuwa da lamba 0, wato aiki ya kammala lafiya. Wata bakwai na yi ina kallon sifirin nan ina yaba wa kaina.

Ranar da wani mai bincike ya zo duba aikinmu, Oga ya ce in dawo da kwafin a gaban kowa. Na haɗa majigi, na gyara zaman hula, na danna, kuma kafin in ɗauke yatsana aikin ya ƙare. Maimakon gabana ya faɗi, sai na juyo na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga sauri ko? Daƙiƙa huɗu kacal." Har jinjina kai Oga ya yi. Mai binciken ya nemi a buɗe foldar, na buɗe, sai ga fayil ɗaya tilo a bango, sunansa gwaji.txt. Ya ce a buɗe shi ma. A ciki akwai kalmomi biyu da na rubuta da hannuna ranar da muka kafa sabar: "ina gwaji".

Ashe tun ranar da wuta ta ɗauke Pacemaker ya mayar da faifan sabar ta biyu, bai kuma dawo da shi ba. Shi kuwa rsync ya ci gaba da kwafe foldar da ake ɗora faifan a kanta, wadda ba ta da komai sai gwaji.txt, sannan --delete ɗin da na ƙara don tsafta, wato umarnin goge duk abin da babu shi a foldar asali, ya share duk abin da ke tsohon kwafin, ya kawo mini sifirinsa, domin a wajensa bai yi laifin komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abokin aikina mai zama kusa da taga. Bai yi dariya ba, da ma ita ya yi. Gyaran murya kawai ya yi, ya ce ai ya taɓa ambaton a riƙa duba mountpoint, wato a tabbatar faifan yana kan foldar, kafin a fara kwafi. Ya ambata, gaskiya ne, amma a bakin masallaci yana neman takalminsa, kuma ban san wanda ke karɓar shawarar aiki a wannan yanayi ba.

Fayilolin ainihi suna nan lafiya a sabar ta biyu. Yanzu duk wata sai na dawo da kwafin a wata kwamfuta na gwada shi da sha256sum, manhajar da ke nuna ko ya yi daidai da na ainihi. Shi kuwa na kusa da tagar har yau idan na shigo da safe ba ya ce mini ina kwana, sai "ina gwaji", kuma masinja ma ya fara ɗauka.