Mataccen Firiza a Gidan Haya

Ranar da muka tare a gidan da muke haya yanzu a Kano, abin da ya fara tarbar mu a tsakar gida shi ne wani ƙaton firiza matacce, wanda ɗan hayar da ya tashi ya bari da alkawarin zai aiko a ɗauka cikin mako guda. Wata bakwai ya yi a wurin. Mai gida ya ce ba kayansa ba ne, dillali ya ce aikinsa ya ƙare tun da ya miƙa makulli, ni kuwa ba ni da hurumin sayar wa 'yan gwangwan, domin dukiyar wani ce ko da tsatsa ta cinye ta.

Na san abin da ke sa mutane yin haka. Sauko da firiza ko injin wanki daga bene mai ƙuntatacciyar matattakala yana bukatar majiya ƙarfi uku ko huɗu, ga kuɗin a-kori-kura, ga shi kuma firji ba ya son a kwantar da shi, saboda man kwamfiresa, wato injin firjin, yana gangarawa cikin bututun gas, shi ya sa masu gyara ke cewa a bar shi a tsaye na wasu sa'o'i kafin a kunna. Wanda ya biya kuɗin sabuwar haya, aljihunsa ya yi sanyi, ba zai so ya kashe ko sisi a kan abin da ya riga ya mutu ba. Amma nauyin da ya gudar wa kansa, a kan wani ya sauke shi.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata la'asar, lokacin da na tarar da ɗana ɗan shekara biyar ya ɗaga murfin, ƙafarsa ɗaya a ciki, wai wasan ɓuya suke yi. Robar bakin murfin an yi ta ne don ta hana iska shiga, kuma ƙaramin yaro ba lallai ya iya turo shi daga ciki ba. A daren na nemo sukundireba na kwance murfin.

Ra'ayina shi ne a riƙa rubuta wannan batu a takardar yarjejeniyar haya, a gaban shaidu: duk kayan da mai tashi ya bari suka wuce kwana 30, mai gida ya sayar, ya cire kuɗin dako, ya ajiye masa ragowar. Kuma kafin 'yan gwangwan su sa guduma don ciro tagulla, a kira mai gyaran firji ya fara duba gas ɗin, domin yawancin firji na yanzu suna amfani da wani gas ne mai suna R600a, wanda yake kama wuta.