Mai Kaza a Aljihu Ba Ya Jimirin As

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma akwai wani ɗan'uwa a Sabon Gari da ya kamata maganar nan ta kai kunnensa kafin Lahadi.

Matasanmu da suka koma karatun koyarwar Kalbin, malamin tauhidin nan na zamanin gyaran ikkilisiya a Turai, ba su yi laifi ba, ina ma tare da su. Sun gaji ne. Sun gaji da wa'azin shuka iri da man shafewa na kwalba, da annabcin mota da biza, alhali an shekara ba a buɗe wasiƙar Romawa an bi ta aya aya ba. Yaron da ya ji cewa Allah ne mai mulki, ceto kuma ta alheri ne ba ta girman baiko ba, dole zuciyarsa ta kwanta. Ƙishin nan na gaske ne, shi ya sa abin da wani ke yi da shi yake ci mini rai.

Kai ɗan'uwan nan, ka saurari masu wa'azin Amurka a YouTube, ka haddace kanun magana biyar na koyarwar Kalbin, shi ke nan ka zama mai awon bangaskiyar mutane. Ka buɗe zauren WhatsApp, ka bi yaran zumuntar matasa ɗaya bayan ɗaya kana raɗa musu cewa fastonsu bai san tauhidi ba, dattawa kuma makafi ne. Ɗan'uwa, kanun nan biyar amsa ce da taron shugabannin ikkilisiya na garin Dort ya bayar a Holan tsakanin 1618 da 1619 ga mabiyan Arminiyus, malamin da ya saɓa wa koyarwar Kalbin. Watanni aka kwashe ana zama kafin a rubuta su. Ba su ne dukan koyarwar ba, ba a kuma tsara su don a riƙa tare mutane a ƙofar majami'a ana yi musu jarrabawa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda kake nuna kamar kai ka shigo da koyarwar nan ƙasar. Tun 1911 'yan mishan na ikkilisiyar Dutch Reformed daga Afirka ta Kudu suka fara aiki a ƙasar Tibi, daga nan ikkilisiyar NKST ta fito. Johanna Veenstra, 'yar mishan daga Amurka, ta iso Najeriya a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta yi aiki har ta rasu a 1933, ikkilisiyar CRCN da ta fito daga aikin nan na nan tana shaida. Akwai tsofaffi a Takum da Mkar da suka koyi katakizim, wato littafin tambaya da amsa na koyarwar bangaskiya, tun kafin a haifi mahaifinka, ba su taɓa buga fosta a kai ba.

Shi Kalbin ɗin da ba ka gama jimla sai ka ambace shi, ya fitar da babban littafinsa da Latin a 1536, sannan a 1541 ya mayar da shi Faransanci da hannunsa domin wanda bai yi makaranta mai zurfi ba ya karanta. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522 saboda wannan dalili. Mu nan muna da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. To kai fa? Ranar da aka ce ka yi wa zumuntar mata bayanin koyarwar zaɓen da Allah ke yi wa waɗanda zai ceta da Hausa, sai ka yi ta zuba Turanci, da aka yi tambaya ka ce abin ya fi ƙarfin fahimtarsu. Matan nan su suka riƙe ikkilisiyoyin garin nan a shekarun da zuwa sujada ma sai da dakiya. Wasu daga ƙauyukan Maguzawa suka fito, sun rasa dangi da gado saboda sunan Yesu. Sun san alheri a jikinsu.

Ga kuma Baba da ke share majami'a tun muna 'yan makarantar Lahadi. Tambaya ɗaya ya yi maka cikin ladabi, ka amsa a gaban yara cewa ya binciki kansa ko yana cikin zaɓaɓɓu. Wa ya nuna maka littafin rai? Koyarwar da kake taƙama da ita cewa take yi babu abin da ka kawo, babu abin da ka fi wani da shi, karɓa ka yi. Afisawa 2 ta rufe ƙofar fahariya ruf. Kalbin da kansa, da ya rasu a Janiba a 1564, wasiyya ya bari kada a sa alama a kabarinsa. Kai kuwa hotonka ya fi ayar girma a kowace sanarwa.

Ba na kishin yawan mutanen zaurenka. Abin da na gani shi ne yara uku da a da suke gaishe da dattawa har ƙasa, yanzu suna zama a bencin baya suna lissafa kurakuran wa'azi a waya, sun daina zuwa gaida marasa lafiya, sun daina fita bishara wai wanda aka zaɓa zai zo da kansa. Ko taron Dort bai faɗi haka ba, cewa ya yi a yi shelar bishara ga kowa ba tare da bambanci ba.

Nazarin Romawa 9 na nan ranar Laraba da yamma, da Hausa za a yi, dattawa za su zauna. Ka zo da Littafinka. Amma ka fara biyawa ta gidan Baba ka ba shi haƙuri.