Man kanumfari da agarar ɗan kokowa

Jama'ar Tahoua, da kaka ta yi samari suka fara shirin kokowa, sai tallar ƙananan kwalabe ta cika WhatsApp: man kanumfari, man na'ana'a, wai suna haɗa jijiyar da ta tsinke, wai Turawa sun gwada sun tabbatar. Garin da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975 bai kamata a yi masa wannan wasa da ƙafafun ƴaƴansa ba.

An gwada ɗin kam, amma a kan ɓeraye da zomaye. Sai a sa wa ɓera maganin barci, a yanke masa agara da wuƙar tiyata, a ɗinke, a raba su gida biyu: wasu a yi musu magani da man, wasu a bar su haka. Bayan ƴan makonni a ciro jijiyar a duba ta a madubin likita, a ja ta da inji a ga ƙarfin da za ta jure kafin ta tsinke. A wasu gwaje-gwajen an ga kumburi ya ragu, kuma ban raina wannan ba. Sinadarin eujenol da ke cikin kanumfari tuni masu aikin haƙori suka san shi. Sai dai ɓeran nan galibi bai kai rabin kilo ba, ƙafa huɗu yake takawa, kuma yankan wuƙa mai tsabta ne. Ina haɗinsa da ƙato mai kilo 90 da ya dogara da ƙafa ɗaya cikin rairayi yana ɗaga wani ƙaton?

Jijiya kamar igiyar guga take, zaruruwa ne a jere, kuma jini kaɗan ke isa gare ta, shi ya sa take jinkirin warkewa. Kwanakin farko kumburi, sannan makonni jiki na saƙa sabon zare mai rauni, sannan watanni, wani lokaci har shekara, kafin zaren ya miƙe ya yi ƙwari. Kumburin farkon ma yana da aikinsa, shi ke kiran ƙwayoyin da ke gyara wurin.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na'ana'a. Sinadarin mentol ɗin cikinta jijiyoyin jin sanyi na fata yake taɓawa, sai yaro ya ji wasai, ya ce ya warke, ya koma fili alhali zaren bai ƙulla ba. Wasu kuma su zuba man kanumfari tsagwaronsa su ɗaure da tsumma, da safe fata ta saluɓe. Ga kuma sipro (ciprofloxacin), maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye kan tebur kamar goro, maganin da tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa yana iya tsinka jijiya.

Masu ɗori, ina ganin girmanku, amma agara ba ƙashi ba ce. In yaro ya ce ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya, ya kasa tsayawa kan yatsu, ku kwantar da shi rub-da-ciki ku matsa sha-raɓarsa. In tafin ƙafar bai motsa ba, ku tura shi likita ran nan. Kuma ya nemi a yi masa eko, wato hoton da ke nuna jijiya, don hoton radiyo (X-ray) ƙashi yake nunawa.