Kwalbar giyar inabi mai tsada, ɗanɗano ake saya ko suna?

Jama'a akwai wani musu da ya ƙi ƙarewa tsakanin masu shan giyar inabi, wai sai kwalba ta yi tsada take daɗi, mai araha kuwa ruwa ne kawai aka rina. Ni dai a ganina akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma mafi yawanta takardar da aka manna a jikin kwalba ce take wasa da hankalin mutane.

A 1976 wani ɗan Ingila mai sayar da giyar inabi a birnin Faris, Steven Spurrier, ya tara manyan gwanayen ɗanɗano na Faransa ya zuzzuba musu giyar Faransa da ta Kalifoniya ta Amurka a kofi ba su ga kwalba ba. Da aka haɗa maki sai ga ta Kalifoniya, wadda suke rainawa, ta zo ta ɗaya, a farar giya da ja duka. Har wata cikin alƙalan ta nemi a mayar mata da takardar makinta, kunya kenan. A 2001 kuma wani mai bincike a Bodo ta Faransa, Frédéric Brochet, ya ɗauki farar giya ya rina ta ja da kalar da ba ta da ɗanɗano ya ba ɗalibai 54 masu karatun harkar, suka zauna suna ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja, bayan fara ce a cikin kofin.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na 2008 a Amurka. An saka mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana ba su giya, a ciki akwai guda ɗaya da ake ba su sau biyu, sau ɗaya a ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya a ce ta dala 90, suka ce ta 90 ta fi daɗi, kuma abin mamaki ba ƙarya suke ba fa, sashen ƙwaƙwalwar da ke jin daɗi ya fi motsawa da gaske lokacin da suka ji babban farashi. Wato mai kuɗin da ya ce tasa ta fi daɗi yana jin daɗin da gaske, sai dai daga farashin daɗin yake zuwa ba daga inabin ba. A shekarar dai wani nazari ya tattara ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi ba a ga kwalba ba, ya gano mutanen da ba su da horo ma sun ɗan fi karkata ga mai araha, masu horo ne kawai suka ɗan fi son mai tsada.

Toh ban ce tsadar duk yaudara ba ce. Gonar da ke wuri mai kyau tana da tsada, rage yawan 'ya'yan da itace zai yi don sauran su yi ƙarfi asara ce ga manomi, tsinka da hannu kuɗi ne, sabuwar gangar katakon oak da ake ajiye giyar a ciki kuɗi ne, ajiye kaya shekaru ba a sayar ba shi ma kuɗi ne. Kuma mai araha ta can ƙasa ƙasa, mafi yawan abin da ka biya na gilashi ne da dako da haraji, abin da ke ciki ɗan kaɗan ya samu. Shi ya sa daga mafi araha zuwa matsakaiciya bambancin a fili yake, harshe na ji. Daga nan zuwa sama ne lissafin ke rikicewa. Gonar Romanée-Conti a Faransa ko hekta 2 ba ta cika ba, a 2018 an sayar da kwalbarta ɗaya ta 1945 a kan dala 558,000 a gwanjo. Haba, wannan ai ƙarancin abu aka saya da tarihi da a ce wane ke da ita.

Kuma idan harshen manya ya kai yadda suke faɗa, ta yaya Rudy Kurniawan ya yi shekaru yana haɗa giya a gidansa a Kalifoniya, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe yana manna takardun bogi, attajirai suna saya da miliyoyin daloli suna yabawa, sai a 2012 aka kama shi?

Mai ƙaramin aljihu ya bar bin sunayen da kowa ya sani, ya leƙa ta Fotugal, Chile, Ajantina, Afirka ta Kudu da kudancin Italiya, suna yin mai kyau ba a ɗora mata kuɗin suna ba. Murfin murɗawa ba alamar rashin inganci ba ne. Ja ta ɗan yi sanyi kaɗan, zafi na ɓata ta, kuma kar a ɓoye ta wai za ta ƙara kyau, yawancinsu an yi su ne don a sha da wuri. Hanta dai ba ta karanta farashi, barasa barasa ce, ko nawa aka saye ta.

Duk mai gardama ya sa wani ya naɗe kwalabe uku da takarda, mai araha, matsakaiciya da mai tsada, ya jera su da harshensa, sai ya zo mu yi magana.